Kuɗin Ƙaramar Hukuma: Wa Ke Riƙe da Littafi, Wa Ke Duba Shi?

Laccar da aka gabatar a Dabai, ƙasar Zuru

 Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, suka ce in yi magana a kan dokokin da suka hau kan ma'aikatan ƙaramar hukuma, da ɗa'arsu, da yadda ake sarrafa kuɗin jama'a a hannunsu.

Da yawa za su ce wannan magana ce ta 'yan boko da lauyoyi. To amma a buɗe tsarin mulkin 1999 a duba jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Ita ce ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Ita ke da kasuwa da tasha da kwata da bayan-gida na jama'a. Ita ke da hanyoyin cikin gari da magudanun ruwa da kwashe shara, ita ke raɗa wa titi suna ta ba gida lamba, har lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale nata ne. Tana da hannu a makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da harkar noma. Maƙabarta ma tana cikin jerin. Mutumin Dabai yana iya yin rayuwarsa duka bai taka Abuja ba, bai ga Birnin Kebbi ba, amma daga ranar suna har ranar da za a ɗauke shi yana cikin hurumin sakatariyar Zuru, ya sani ko bai sani ba.

Bari mu ɗan koma baya, domin rigimar kuɗin hukuma ta girmi kowa a cikin wannan ɗaki. Tun a littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa abubuwan da ya ƙi a mulkin sarakunan zamaninsa, kuma a cikinsu akwai jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa mai mulki don a sami biyan buƙata. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda kabarinsa ke Gwandu a jiharmu, ya rubuta Liya'ul Hukkami a kan yadda mai riƙe da al'amarin jama'a zai tafiyar da shi. Da Turawa suka zo, sun tarar da aljihun sarki da taskar ƙasa abu ɗaya ne a yawancin wurare. A Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wajen 1911, aka fara kafa baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya: haraji ya shiga littafi, a yanka wa sarki da hakimi da alƙali albashi, abin da ya rage a yi aiki da shi. Daga nan tsarin ya bazu a Arewa.

Ba zan tsaya a nan in wanke En'e ba. Dattawan da ke zaune sun san yadda ake shanya mutum a rana saboda haraji, da yadda magidanci kan gudu ya bar gari idan lokacin biya ya gabato. Zaluncin ya kai har Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa a 1950 ya nemi a yi wa tsarin garambawul, kuma a shekarar ce aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda rabin gwagwarmayarta da En'e ta yi. Sai dai akwai abu guda da ba za a ƙwace wa wancan zamani ba, wato littafi yana da kwarjini. A farkon shekarun 1940 an tuhumi Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da taɓa kuɗin jangali lokacin yana kula da yankin Gusau. Kotun Sarkin Musulmi ta ɗaure shi, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Akwai siyasar gidan sarauta a cikin maganar, amma dai jinin Shehu Ɗanfodiyo ne aka tsayar a gaban shari'a a kan kuɗin shanu. Bayan shekara ashirin, gwamnatin shi Sardaunan ta tura wani jami'i mai suna Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano a 1962, kuma a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Nan ma akwai siyasa. Duk da haka, makamin da aka ɗauka shi ne lissafin baitulmali, domin kowa ya yarda cewa taɓa shi laifi ne da ke iya sauke mutum komai girmansa.

Me ya sa? A ganina saboda kuɗin daga jikin mutane ya fito. Wanda ya sayar da akuyarsa ya biya haraji yana da bakin tambaya, ko da a ɓoye zai yi ta. Gyaran da gwamnatin Janar Obasanjo ta yi a 1976 ya kawo ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a duk Najeriya, ya ba su kaso daga asusun tarayya, kuma a shekarar ce ƙasar Zuru ta faɗa cikin sabuwar jihar Sakkwato, kafin a yanki Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, sauran jihohi suka biyo baya a hankali. Talaka ya huta, kuma ya cancanci hutun. Amma daga lokacin kuɗin hukuma ya zama kuɗin mai, abin da ke saukowa daga sama, wanda ba gumin kowa ba. Har muka koyi cewa "kuɗin gwamnati ne", da muryar da ke nufin ba mai shi.

Yau ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, 21 a jihar Kebbi, huɗu a masarautarmu: Zuru, Danko/Wasagu, Fakai da Sakaba. Duk wata ana zama a Abuja a raba abin da ya shigo asusun tarayya. Gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A harajin kayan masarufi kuwa kashi 35 nasu ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, adadin nairorin da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai, ko da yake darajar nairar ta zube. Doka kuma ta ce jiha ta ƙara musu kashi goma daga abin da ta tara a cikin gida.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 162 na tsarin mulki, wanda ya ce kason ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. An yi asusun ne don ya zama mashigi, sai ya zama masauki. A nan ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarautu, da kuɗin horar da ma'aikata, waɗanda duk suna da hujja. Sannan a jihohi da dama a cire kuɗin "ayyukan haɗin gwiwa" da ciyaman bai san lokacin da aka ba da kwangilarsu ba, a miƙa masa abin da zai biya albashi ya sa wa mota mai, ya sa hannu cewa ya karɓi duka. Idan ya yi gardama a rushe majalisar a naɗa kantoma. A 2019 hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi ta fito da ƙa'ida, daga 1 ga Yuni, cewa kada a ciri tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, kuma kada a taɓa asusun haɗin gwiwa sai don tura wa kowace hukuma nata. Gwamnoni suka garzaya kotu.

Sai ranar 11 ga Yuli, 2024, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, Kotun Ƙoli ta bakin Mai Shari'a Emmanuel Agim ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, cewa gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma hukumar da kantoma ke riƙe da ita ba ta da kaso. An yi murna, ni ma na yi. Jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe. Namu an yi shi a ƙarshen Agustan 2024, jam'iyya mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 21 duka, kamar yadda aka gani a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da ita. Wajen aiwatar da biyan kai tsayen kuma aka yi ta jan ƙafa.

Ga abin da na zo faɗa muku. Ko gobe aka fara turo kuɗin daga Babban Banki zuwa asusun Zuru ba tare da ya kwana a Birnin Kebbi ba, ba mu tsira ba. Mun dai matso da tukunyar kusa da gida. Hannun da zai shiga cikinta yanzu na ɗan gari ne, wanda muke sallar Juma'a ko sujadar Lahadi tare da shi, kuma wannan ya fi wuyar kamawa a kan hannun baƙo. Maƙwabtanmu na Nijar suna da tsari mai tsauri da suka gada daga Faransa, inda magajin gari ke ba da umarnin kashe kuɗi amma wani jami'i daban, wanda ba yaronsa ba, shi ke riƙe da asusu. Sun yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a faɗin ƙasar a 2004, kuma a Afrilun 2024 sojoji suka rushe majalisun suka naɗa nasu kantomomin. Tsari a takarda, komai kyansa, yana buƙatar mutanen da za su tsaya masa.

Mu shiga cikin sakatariya mu ga yadda naira ke fita idan an bi ƙa'ida. Akwai kundin dokokin kuɗi na ƙananan hukumomi, littafi mai kauri da kowane ma'aji ya san shi. A ce za a gyara kwalbati a hanyar wata unguwa. Da farko sai aikin yana cikin kasafin shekara da kansiloli suka amince da shi. Abin da ba ya ciki ba a kashe masa ko sisi sai an koma majalisa. Shugaban sashen ayyuka ya yi ƙiyasi. Idan kuɗin bai wuce iyakar da aka yanka wa ciyaman ba ya amince, idan ya wuce a kai gaban kwamitin kuɗi, idan ya wuce nan a nemi izini daga sama. A nemi farashi daga 'yan kwangila fiye da ɗaya. Bayan an gama aiki injiniya ya je ya gani da idonsa ya sa hannu. Sannan a rubuta bauca, a shigar da ita littafin kasafi a rage daga abin da aka ware, odita na cikin gida ya duba ta kafin a biya, ba bayan an biya ba. Ciyaman shi ne zai amsa tambaya a kan kuɗin hukuma, amma ba shi ke sa hannu a caki ba; wannan aikin ma'aji ne da daraktan ma'aikata. A ƙarshen wata a gwama littafi da takardar banki, a ƙarshen shekara a rufe lissafi a miƙa wa babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha, shi kuma ya kai rahoto majalisar dokoki.

Ku ƙirga hannuwan da takarda ɗaya ta bi. An yi haka ne don mutum ɗaya kada ya iya sata shi kaɗai. Ma'anar wannan kuwa ita ce duk kwalbatin da aka biya kuɗinsa ba a yi shi ba, mutum biyar ko shida sun sa hannu a kan ƙarya, kowannensu da sunansa da unguwarsu. Dabarun ma sanannu ne. A raba aiki ɗaya gida uku don kowane yanki ya tsaya ƙasa da iyakar ciyaman. A kawo takardun farashi uku daga kamfanoni uku, alhali biro ɗaya ya rubuta su. A ba ma'aikaci kuɗin tafiya ko na sayayya da sharaɗin ya kawo rasit, shekara ta juyo bai kawo ba. A bar sunan wanda ya rasu ko ya bar aiki a takardar albashi. Sai kuma wata ƙofa da ta buɗe a shekarun nan, ta kuɗin tsaro. Ba wanda zai yi wasa da tsaro a ƙasar da ta binne 'yan sa-kai sama da 60 a yankin Sakaba a Maris na 2022, ƙasar da ƙauyukanta suka watse mutane suka cika gidajen 'yan uwa a cikin gari. Saboda tsananin buƙatar ne ma ya kamata a san nawa aka fitar da sunan man sintiri da alawus ɗin 'yan banga, nawa kuma ya isa hannunsu. Sirrin tsaro shi ne ta ina za a bi da daddare. Adadin kuɗin mai ba sirri ba ne.

Haka abin yake ta ɓangaren shiga. Ku tsaya bakin kowace kasuwa ta ƙauye ranar cinta, da hantsi, lokacin da buhunan dawa da masara da wake ke sauka daga babura da motoci. Ga mai karɓar kuɗin hukuma da jaka a rataye da ɗan littafin rasit mai lamba. Ya iso wurin mai buhu goma ya faɗi kuɗi. Mai kaya ya ce, "Haba ɗan'uwa, rage mini, ba sai ka yanka rasit ba." Ya miƙa rabi, wancan ya zura a aljihu, an rabu ana dariya. Wani kuma littafi biyu yake yawo da su, na hukuma da wanda ya buga da kansa. Da yamma abin da zai kai wa kashiya ba zai sayi kwanon rufin rumfa ɗaya ba, sai damina ta zo mu tsaya cikin taɓo muna zagin hukuma. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar haraji ta 1998 ta hana kafa shinge a hanya don karɓar kuɗi, amma wanda ya ɗauko kaya daga nan zuwa Kontagora ko Yawuri zai gaya muku sau nawa ya taka birki.

Yanzu ga ɗa'a. Jadawali na biyar na tsarin mulki shi ne ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata, kuma ya ambaci shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da ma'aikatansu a cikin waɗanda ta hau kansu, daga ciyaman har masinja. Ta ce ma'aikaci kada ya jefa kansa inda buƙatarsa za ta ci karo da aikinsa. Kada ya ci albashi biyu daga gwamnati. Idan aikin cikakken lokaci yake yi, kada ya gudanar da wani kasuwanci, sai noma kaɗai aka yarje masa, wanda mu nan ba za mu yi kuka da shi ba. Ya bayyana kadarorinsa da bashin da ke kansa, da na 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 18 ba, lokacin da ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da ranar da zai sauka. Duk abin da ya mallaka daga baya wanda albashinsa da halastacciyar hanya ba za su iya bayaninsa ba, ana ɗaukarsa ya saɓa doka sai ya kawo hujja. Wanda kuma ya yi abin da aka hana ta hannun wani, a ce ya buɗe kamfani da sunan ƙanen matarsa ya ba shi kwangila, doka ta ce shi ya yi. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana da ikon sauke mutum, ta hana shi riƙe muƙami har shekara goma, ta ƙwace dukiyar.

Raunin wannan tsari shi ne takardar kadarorin tana kulle a ofishin Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, jama'a ba sa ganinta. Wa ya san gonar da kansila ya saya bara in ba mutanen mazaɓarsa ba? Jami'in da ke Abuja ba zai sani ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana tasa a fili yana gwamnan Katsina, ya sake yi a 2007 da ya zama shugaban ƙasa, ba don doka ta tilasta masa ba. Babu abin da ya hana ciyaman ko kansila yin haka a gaban mutanensa.

Wurin da na fi so mu daɗe shi ne maganar kyauta, domin a nan al'adarmu da doka suke haɗa ido. Ƙa'idar ba ta hana zumunci ba. Ta yarda ma'aikaci ya karɓi kyauta daga dangi da abokai gwargwadon abin da al'ada ta sani, a lokutan da al'ada ta sani, irin biki da suna da gaisuwar rasuwa. Amma kyautar da ta fito daga kamfani ko daga mai kwangila da gwamnati, ana ɗaukarta toshiyar baki ce har sai an tabbatar da akasin haka. Wadda aka ba shi a taron jama'a kuwa, a ce a filin bikin Uhola aka jawo sa aka ba ciyaman, ta hukuma ce, ba ta garken gidansa ba. Musulmin cikinmu sun san labarin mutumin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce shi aka ba kyauta, aka nuna masa cewa da yana zaune gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa. Kiristocin cikinmu sun san abin da Yahaya mai baftisma ya gaya wa masu karɓar haraji, cewa kada su ƙara a kan abin da aka yanka, ya kuma gaya wa sojoji su wadatu da albashinsu. A ƙasar da kusan kowane gida ya ba da soja, wannan ba baƙon karatu ba ne. Addinan biyu sun riga tsarin mulki faɗa.

To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan ɗaya ɓangaren. Ranar da aka rantsar da ɗanmu, tun asuba ƙofar gidansa ta cika. Wannan matarsa ta haihu, wannan an kori yaronsa daga makaranta, wannan takardar magani ce a hannunsa, ga ƙungiyar matasa na son rigunan ƙwallo, ga kwamitin ginin masallaci, ga na coci, ga 'yan jam'iyya da suka "sha wahala". Albashin kansila ba zai ɗauki mako ɗaya na wannan layi ba, kuma duk mun sani. Idan ya ba mu, ba ma tambayar daga ina. Idan ya ce babu, mu ce ya yi girman kai, ya manta mafari, hannunsa kamar na jarirai. Wanda ya sauka bai gina gida ba mu kira shi wawa a bayan idonsa. Na san wani ma'aji a wata ƙaramar hukuma, ba a nan ba, da ya ƙi sa hannu a baucar aikin da ba a yi ba. Ba EFCC ya ji tsoro ba, kuma ba ciyaman ne ya karya shi ba. Kawunsa aka turo masa har gida bayan isha'i. Irin wannan matsi babu sashen doka da ya yi maganinsa.

Abin da ke iya ba wa irin wannan ma'aji kariya shi ne a san adadi a fili. Idan duk gari ya san nawa ya shigo da abin da aka ce za a yi da shi, yana da amsar da zai ba kawunsa: "Baba, an kafe a allo, kowa ya gani." An gwada wannan a wani wuri. A Yuganda, bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin ɗari kacal na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke tura wa makarantun firamare ke isa makarantun, sauran yana narkewa a ofisoshin gunduma. Gwamnati ta fara buga abin da ta tura a jaridu duk wata, ta ce makarantu su kafe nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. An yi wasu gyare-gyaren tare da wannan, amma makarantun da suka fi kusa da inda ake samun jarida su suka fi amfana. A birnin Porto Alegre na Brazil kuma, tun 1989 mazauna unguwanni ke zama su zaɓi ayyukan da za a sa a kasafi.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kwamitin masallaci yana karanta abin da aka tara bayan sallar Juma'a, coci tana sanar da baikon da aka yi, ƙungiyar ci gaban gari ba ta tashi taro sai ma'aji ya karanta lissafi, kuma idan naira dubu ta ɓace sai an kwana ana magana. Kuɗin hukuma kaɗai, wanda ya ninka waɗannan duka, shi muke jin nauyin tambaya. Alhali tun 2004, zamanin Ngozi Okonjo-Iweala a ma'aikatar kuɗi, ake wallafa kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma, kuma yau ofishin Akanta Janar da hukumar ƙididdiga suna sa shi a intanet. Duk ɗalibin Jami'ar Noma ta Tarayya da ke nan Zuru yana iya buɗe shi a wayarsa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi takarda, a amsa masa cikin kwana bakwai, ba sai ya faɗi dalilinsa ba.

Adadin da ya taso daga Abuja rabin labari ne. Ɗaya rabin, wato nawa ya iso, nawa aka cire a hanya, nawa aka tara a kasuwa da tasha, nawa albashi ya ci, wane aiki aka bayar, wa aka ba, a kan nawa, yana cikin sakatariya, kuma kansiloli suna da ikon nemansa, domin su suka amince da kasafin. Kansila ba yaron ciyaman ba ne, ko da jam'iyyarsu ɗaya. Aikin da aka zaɓe shi ya yi ke nan, ba rakiya zuwa ɗaurin aure ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu su riƙa kafe lissafin kowane wata a ƙofar sakatariya da ƙofar kowane hakimi, da Hausa da C'lela, shafi ɗaya ya isa, a kuma karanta shi ranar kasuwa saboda waɗanda ba su yi karatu ba. Iyayenmu sarakuna, ku ba wa wannan takarda bango a fadarku, kuma idan ma'aikaci ya ƙi sa hannu a kan abin da bai gani ba, kada a yi amfani da girmanku a lanƙwasa shi. Ɗalibai, ku ciro kason Zuru na watanni goma sha biyu da suka wuce ku kai wa kansilan mazaɓarku cikin ladabi, ku nemi ya zo taron unguwa da nasa lissafin. 'Yan kasuwa da direbobi, ku biya abin da aka yanka cif, ku karɓi rasit mai lamba, ku adana shi.